Na Tono Sunan Kakana a Takardun Turawa, Mahaifina Ya Ce In Binne

Wasiƙar wannan makon daga Jos ta zo. Na taƙaita ta, na kuma cire sunaye da duk abin da zai sa a gane mai ita.

"Assalamu alaikum Baba Malam. Ni malamin tarihi ne a wata jami'a, shekarata 39, ina da mata da 'ya'ya huɗu. Shekara biyar ke nan ina fama da digirin digirgir. Bincikena a kan tattalin arzikin zamanin mulkin mallaka ne, wato yadda haraji da haƙar kuza suka juya rayuwar mutane a ƙasar Filato, musamman lokacin ɗiban gwamna, wato lokacin da Turawa suka riƙa ɗibar mutane a kan dole zuwa haƙar kuza. Watanni da suka wuce ina gidan adana takardun tarihi a Kaduna, na buɗe wani fayil na 1943, sai ga sunan kakana na wajen uba, da sunan garinsu da barikin da ya yi aiki. Heluma ne a lokacin, wato shugaban leburori. Leburori ne suka kai ƙararsa gaban Di'o, Baturen da ke mulkin yankin, cewa yana tauye musu mudun hatsi, yana zaftare wani abu daga kuɗinsu na mako, har ya doki wani da ciwo ya hana shi fita aiki. Mu kuwa labarin da muka tashi da shi a gida shi ne mutumin kirki ne, shi ya gina masallacin unguwarmu, ya riƙe marayu.

Da na dawo na gaya wa mahaifina. Ya yi shiru, can ya ce garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta. Ya ce muddin yana numfashi bai yarda in rubuta maganar nan ba, in kuwa na rubuta bai yafe ba. Ya ce a garin da ƙiris ake jira a ce mana baƙin da suka zo taya Turawa cin ƙasar mutane, ni ne zan miƙa sandar da za a doke mu da ita. Tun ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Malamin da ke duba aikina ya ce wannan babi shi ne ƙashin bayan kundin. Ga albashi ba ya kai mu ƙarshen wata, kuɗin motar Kaduna da na ɗaukar hoton takardu duk daga aljihuna suke fita. Yayana da ke Abuja ya samo mini aiki a wata ƙungiya, albashin ya kusa ninka nawa sau uku, yana cewa in bar tonon matattu in nemi na rayayyu. Maiɗakina ba ta ce uffan ba, amma na san inda ranta yake. Wata bakwai ke nan ban rubuta ko layi ɗaya ba. In cire babin? In saɓa wa mahaifina? Ko in tattara in tafi Abuja?"

Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya warware maka, Ya ƙara wa Alhaji lafiya da nisan kwana.

Tambaya uku ka ɗora a faifai ɗaya, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Da wannan albashin ka shekara huɗu kana rubutu, kana hawa motar Kaduna, kana dawowa da ƙura a riga. Rashin kuɗi bai tsayar da alƙalaminka ba. Ranar da ka buɗe fayil ɗin nan ya tsaya, ranar da mahaifinka ya ce bai yafe ba kuma ya bushe. Don haka maganar Abuja za ta jira mu, mu fara da takardar.

Kai ne masanin tarihi, ni tsohon malamin makaranta ne kawai, amma ina ganin ranar nan da idon jika ka karanta takardar, idon malami bai samu shiga ba. Da a ce sunan kakan wani ka gani, tambayoyi nawa za ka yi mata kafin ka yarda da ita? Ƙara ce aka kai, to ina hukuncin? Me Di'o ya rubuta a gefen shafin? An kira kakanka ya faɗi nasa? An kore shi, an ci shi tara, ko an wanke shi? Wa ya ɗauki maganar leburorin, da wane harshe suka yi ta, ta bakin wane tafinta ta bi kafin akawu ya mayar da ita Turanci? Ka san fayil ɗaya yakan haifi wani. Amsar kamfani tana iya kasancewa a wani kundin, rahoton likitan bariki a wani, rahoton shekara na Lardin Filato a wani. Marigayi Yusufu Bala Usman har abin da Heinrich Barth ya rubuta kan Katsina sai da ya zauna ya tankaɗe, bai ɗauke shi a matsayin yankakkiyar magana don Bature ne ya rubuta ba. Kakanka ma yana da haƙƙin a tankaɗe maganar da aka yi a kansa. Wasiƙarka ba ta nuna ka koma Kaduna tun ranar ba. Ka koma.

Amma ba zan yaudare ka ba. Talakan da aka ɗebo daga ƙauyensu, ba shi da kowa a bariki, ya tashi ya kai ƙarar helumansa gaban Bature a 1943, ba ƙaramar kasada ya yi ba, don gobe da asuba a hannun wannan heluman zai karɓi kwanon ɗiban ƙasa. Da wuya mutum ya yi haka don nishaɗi. Ka tafi da shirin cewa binciken zai iya tabbatar da zargin, gaba ɗaya ko wani sashe nasa. Waɗannan leburorin su ma kakannin wasu ne, kuma mai yiwuwa wannan takarda ita ce kaɗai wurin da muryarsu ta saura a duniya. Idan ka binne ta, su ka binne karo na biyu.

Ina yaro a Bukuru akwai wani tsoho mai sayar da itace kusa da tasha. Ko a watan Afrilu da rana ke dukan mutane ba ya rabuwa da wani tsohon buhu da yake yafawa a kafaɗa. Muna tsokanarsa, mahaifiyarmu ta hana. Sai da na girma na zauna da shi ya gaya mini daga ƙasar Sakkwato aka ɗebo su, shi da samari bakwai na ƙauyensu, dagaci ya nuna su da yatsa don an ce ya kawo adadi kaza. Da riga ɗaya ya iso Filato. Ya ce yunwa ya san ta tun a gida, amma sanyin duwatsun nan bai taɓa sanin akwai irinsa ba, a tashe ka kafin gari ya waye, ka shiga rami cikin ruwa har gwiwa, ka ɗauko ƙasa a ka kana hawa kana sauka har la'asar. Biyu daga cikinsu tari ya kashe. Shi bai koma gida ba, ya ce ba shi da bakin da zai gaya wa iyayensu. Ban rubuta maganarsa ba, ban ɗauki muryarsa ba, ya rasu da sauran labarin a cikinsa, kuma har yau abin yana ci mini rai. Shi ya sa ba zan iya ce maka ka bar aikin nan ba. Wanda yake da shekara 18 a 1942 yau ya haura ɗari. Masu abin sun ƙare, 'ya'yansu ne suka saura, su ma suna tafiya.

To a ina heluma ya tsaya a cikin wannan al'amari? Ka fi ni sani, amma bari in tuna maka, don baƙin ciki yakan rufe wa mutum abin da ya sani. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, wadda ta fi kowace ƙasa samar da kuza a duniya a lokacin, ga yaƙi yana neman ƙarfe. Sai ido ya dawo kan Filato. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta ɗibar mutane a kan dole, ana ƙiyasta sun kai wajen 100,000, daga lardunan Arewa daban-daban. Umarni ya taso daga Landan, ya bi ta Legas da Kaduna, ya sauka kan Razdan mai mulkin lardi, Razdan ya ɗora wa En'e, wato hukumar sarki, sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai. A bariki kuma Bature bai cika tsayawa a bakin rami ba, heluma ne ke tsaye, shi za a tambaya in kuza ba ta cika ba, shi za a tambaya in mutane sun gudu da dare. Idan mudun hatsi ya ragu, tambayar mai bincike ita ce a ina ya fara raguwa: a hannun heluma, a hannun mai sito, ko tun daga abin da kamfani ya saya a shekarun da abinci ya yi tsada a Filato saboda yawan bakin da aka tara? Kuma wa ya fi sauƙin a ɗora wa laifi in magana ta kai gaban Di'o, manaja ko heluma? Ribar dai mun san inda ta tafi. Tun 1900, lokacin da gwamnatin Ingila ta karɓe mulki daga Kamfanin Neja, aka yarje masa rabin kuɗin da za a riƙa karɓa kan ma'adinan wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Kakanka bai ga ko ƙurar wannan kuɗi ba.

Wannan bai wanke shi ba. In ya doki majinyaci, hannunsa ne ya doka, ba hannun Landan ba. Amma ka lura, abin da ka gano shi ne ainihin abin da ka fita nema. Turawa 'yan kaɗan ba su isa su juya ƙasa mai faɗin Arewa da hannunsu ba, sai da hannuwan mutanenmu: mai karɓar haraji, ɗan doka, tafinta, masinja, heluma. Shi kansa harajin da aka ce sai da sule da kwabo za a biya, shi ya koro dubban manoma zuwa ramin kuza da rani tun kafin a yi ɗiban gwamna. Ba mamaki haka kakanka ya fara, lebura mai neman kuɗin haraji, kafin ya zama mai tsayawa a kan leburori. Bill Freund ya yi littafi a 1981 kan jari da ƙwadago a ma'adinan nan, na tabbata ka karanta shi har ya yage. Abin da baƙo ba zai taɓa samu ba kai ka samu: ɗan heluma yana raye, yana zaune a zaurenku, kuma mahaifinka ne.

Yanzu mu zo kan Alhaji, don a nan zuciyarka take.

Ka yi masa adalci. Dattijo ne da ya rayu shekara da shekaru da sunan ubansa, da shi ake girmama shi a masallaci, da shi aka ba shi aure, da shi ya aurar da ku. Ka shigo masa da rana tsaka da takardar Nasara ka ce ga abin da ubanka ya yi. Na san ba da nufin cin fuska ka yi ba, amma ka auna yadda ta sauka a kunnensa. Akwai kuma wani abu a wasiƙarka da na daɗe ina juyawa: ka ce ya yi shiru kafin ya yi magana. Wanda aka yi wa ubansa ƙage yakan zabura nan take ya ce ƙarya ne. Shi bai ce ƙarya ne ba, cewa ya yi kar ka tona. Ban ce ya san wani abu ba, Allah ne masani. Amma ka bar wa zuciyarka wuri cewa wataƙila akwai kayan da ya daɗe yana ɗauke da su shi kaɗai, kuma bai taɓa samun wanda ya tambaye shi a hankali ba.

Tsoron da ya faɗa game da garin nan ma kar ka raina shi. Ya ga Satumbar 2001, ya ga 2008, ya ga 2010, ya san yadda kalma ɗaya kan zama wuta a Jos. Sai dai ni ina ganin cikakken labarin ya fi shiru kare mu, mu duka. Su wa suka kai ƙarar kakanka? Ka duba sunayensu. Da wuya ka rasa Hausawa 'yan'uwansa a ciki, wataƙila da Tibi ko Barebari. Cikakken labari zai nuna Birom da maƙwabtansu da aka ƙwace wa gonaki aka mayar da su ramuka, su ma suka ɗauki kwano a ka, zai nuna talakan Sakkwato da Katsina da Binuwai da aka rabo da gidajensu, zai nuna maƙeran Liruwe da ke narkar da kuza suna sayarwa tun kafin Bature ya hau dutsen nan, waɗanda sana'arsu ta mutu a zamaninsa. Wanda ya karanta wannan da gaskiya ba zai fito yana cewa ƙabila kaza ce ta ci ƙabila kaza ba. Kuma ka gaya wa Alhaji wani abu da watakila bai sani ba: fayil ɗin ba a kulle yake ba. Duk ɗalibin da ya cika takardar nema za a ɗauko masa. Gara ɗan gida ya rubuta shi da gabansa da bayansa, da a wayi gari wani ya ɗauki hoton shafi ɗaya ya watsa a Facebook ba kai ba gindi.

Ta fuskar addini, kar kowa ya sa ka ji kamar aya ɗaya ce ta shafe ka. Allah Ya hana mu ce wa iyaye ko da "tir", Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zagin matattu domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Allah kuma Ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 135, mu tsaya da adalci ko da a kan kanmu ne ko iyaye da dangi. Bayanin abin da ya faru, da hujja, ba tare da cin mutunci ba, daban yake da zagi. Amma kalmar "ban yafe ba" daga bakin uba ba abin da za ka taka ka wuce ba ne don digiri. Ba na ba ka shawarar ka yi masa ƙarfi. Abin da nake gani shi ne ba ka kai wurin da sai ka zaɓi ɗaya ba tukuna, domin har yanzu ba ka san takamaiman abin da ya hana ba. Sunan ne? Unguwar ce? Ko maganar gaba ɗaya? Sau ɗaya kuka yi zancen, cikin zafi, ka ɗauki hukuncin ka tafi da shi wata bakwai.

Ga yadda zan yi in da ni ne. Zan fara da ban haƙuri, ba don binciken ba, don yadda na kawo maganar. Zan nemi wanda Alhaji ke jin kunyarsa, gwaggonka in tana raye, ko amininsa, ko limamin unguwa, ya san abin da ake ciki, ko da ba zai zauna da ku ba. Sannan zan riƙa zuwa ba takarda a hannu, ba waya a kunne, in tambaye shi labarin ubansa tun daga farko, kamar yadda jika ke tambaya. Me ya fito da shi daga garinsu? Yaushe ya bar aikin kuza, me ya sa ya bari? Da ya tsufa me yake yawan faɗa, me yake ƙin a yi zancensa? Marayun nan da ya riƙe, 'ya'yan su wa ne, daga ina aka kawo su? Wannan tambayar ta ƙarshe ka ajiye ta sai zama ya yi daɗi. Mutum ɗaya yana iya tauye mudu yana ɗan shekara talatin, ya gina masallaci yana ɗan sittin, kuma na biyun ya zama saboda na farkon ne. Ba zama ɗaya ba ne, ba biyu ba. Sai ranar da ka ga ya saki jiki za ka nemi izinin rubutawa ko ɗaukar murya.

A kundin kuwa akwai hanya a tsakiya. Hujjarka ba ta dogara da sunan mutum ba, ta dogara da matsayinsa da abin da takarda ta ce. Kana iya rubuta "wani heluma a wani bariki na yankin kaza", ka ba da lambar fayil yadda duk mai son tantancewa zai iya zuwa ya gani. Masu bincike suna yin haka, ba ha'inci ba ne. Sai dai da sharaɗi, kuma a nan zan matsa maka: duk dokar da ka yi wa kakanka, ka yi wa kakan kowa. Ba zai yiwu ka sakaya sunan naka ka bayyana na heluman barikin gaba ba, alhali shi ma yana da jikoki a Barikin Ladi ko Bukuru. Razdan da Di'o da sarakuna da manajoji, waɗannan sunansu na tarihi ne, ka ambace su. Ƙananan mutane da aka zarga, ko ka sakaya duka ko ka bayyana duka. Sannan ka gaya wa malaminka gaskiya cewa mutumin kakanka ne, in bai sani ba, kuma ku shawarta yadda za ka faɗi a gabatarwa cewa kana da alaƙa ta jini da ɗaya daga cikin mutanen da ka yi magana a kansu. Wannan zai ƙara wa aikin daraja. Shi Bala Usman ɗin da na ambata jikan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne, wanda Turawa suka naɗa, kuma wannan bai hana shi kallon mulkin mallaka da sarauta ido cikin ido ba har ya koma ga Allah a 2005.

Idan ka gama babin, kafin kowa ya gani, ka juya shi zuwa Hausa ka karanta wa Alhaji da bakinka. Ka bar shi ya gyara abin da ya sani, ka sa nasa bayanin kusa da na takardar. Dattawa da yawa abin da suke tsoro shi ne a yi da su ba sa nan. In ya amince da wannan, alhamdu lillahi. In ya ce a kundi ya yarda amma ban da mujalla da jarida, ka karɓa, ka fitar da babin haraji da na jirgin ƙasa don neman ƙarin girma, wannan ya jira lokacinsa. In kuwa ya kafe gaba ɗaya, to ka gina babin da wasu fayilolin, don babin da ya tsaya a kan takarda ɗaya dama bai da ƙarfi, kuma ba kakanka kaɗai aka taɓa kai ƙara ba. Ka adana hoton takardar da duk abin da ka gano, ka rubuta shi tsaf ka ajiye. Abu ɗaya ne ban yarda ka yi ba ko wa ya roƙe ka: ka rubuta abin da ka san ba haka yake ba, ka nuna helumomi ba su da hannu, don ka faranta wa gida.

Akwai kuma abin da ba na jami'a ba. Idan bincike ya tabbatar akwai haƙƙin mutane a kan kakanku, ku masu rai kuna da abin yi. Addu'a gare shi da su, da sadaka da niyyar waɗanda aka tauye, ko da gyaran rijiya ne a tsohon barikin, ko buhun hatsi ga mabukatan wurin. Ku tambayi malamin da kuka amince da shi yadda ya fi dacewa. Ina kyautata zaton wannan zai fi kwantar wa Alhaji da hankali fiye da duk wata hujjar ilimi, don zai ga tonon naka ya zama alheri ga ubansa.

Saura Abuja. Yayanka ƙauna ce ta sa shi magana, ka gode masa. Amma matattun da yake cewa kana tonowa ba su gama da mu ba. Kududdufan da kamfanoni suka bari daga Rayfield zuwa Barikin Ladi suna nan, suna cin yara da dabbobi, kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985 ta bar garuruwa a tsaye, ga sabbin masu haƙa sun dawo. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai haƙa ya ƙulla yarjejeniya da al'ummar wurin, kuma wanda ya san gonar wa aka karɓa, yaushe, da wace takarda, mutum ne da za a nema. Kafin ka ce e ko a'a, ka ɗauki biro ka cire kuɗin haya a Kubwa ko Lugbe ko Mararaba, da na mota kullum, da na makarantar yara huɗu, ka ga abin da ya rage daga ninki ukun nan. Ka tambaya ko aikin na dindindin ne ko na kwangilar shekara biyu. Ka tambaye su ko za su jira ka, ko su ba ka wani sashe ka yi daga Jos. In tafiyar ta zama dole, ka nemi hutun da dokar jami'arku ta tanada maimakon ajiye aiki, kuma in da tallafin TETFund, asusun gwamnati na manyan makarantu, a karatunka ka duba sharaɗin da ka sa wa hannu. Idan ka kare kundin ka ga Abuja ta fi maka, ka tafi da kanka a sama, ba abin kunya ba ne mutum ya nemi abin da zai riƙe iyalinsa. Abin da nake guje maka shi ne ka tafi don gudun zauren mahaifinka, domin zauren zai bi ka har can.

Ita kuwa maiɗakinka, shirunta ba yarda ba ne, haƙuri ne, kuma haƙuri yana da iyaka. Shekara biyar tana rage cefane don ka hau mota. Ka zaunar da ita ka gaya mata komai, har da maganar fayil ɗin in ba ka gaya mata ba, ka nuna mata lissafin Abuja da na Jos a takarda, ka yanka mata rana: daga yau zuwa wata goma sha biyu zan miƙa kundin, in ban miƙa ba maganar Yaya za mu bi. Sannan ka tambaye ta ra'ayinta, ka yi shiru ka saurara.

Juma'ar nan in an sauko daga masallaci kar ka tsaya a gaisuwa. Ka riƙe wa Alhaji darduma, ka raka shi har zaure, ka zauna a ƙasa inda kake zama kana yaro. Ka ba shi haƙuri. In ya karɓa, kar ka ambaci Kaduna, kar ka ambaci Di'o. Ka ce, "Baba, wai da Kaka zai zo Jos, a ƙafa ya taho ko jirgin Zariya ya hau?"